Kofin Azurfa a Ɗakin Tururi

A bazarar 2024, Aleksander Barkov, kyaftin ɗin ƙungiyar Florida Panthers ta Amurka, ya sauka a garinsu Tampere da ke ƙasar Finlan ɗauke da Kofin Stanley, wato babban kofin da ake fafatawa a kansa a wasan hoki na kan ƙanƙara tun shekarar 1893. Al'adar gasar ce duk ɗan wasan da ƙungiyarsa ta ci kofin a ba shi aronsa na yini guda, ya kai shi inda ransa ya fi so. Barkov shi ne ɗan Finlan na farko da ya ɗaga wannan kofi yana kyaftin. Ya nuna shi ga dubban mutanen garinsu, sannan ya yi abin da kowane ɗan ƙasarsa ya san zai yi, ya shiga da shi ɗakin wankan tururi. Sunan wannan ɗaki a harshensu sauna. Mun san mai karatu zai murmusa, domin a Hausa sauna shi ne wanda wayo bai ishe shi ba. A can kuwa kalma ce mai alfarma, kuma ta ƙofarta za mu shiga wannan magana.

Tunda yawancinmu ba mu san wata ƙanƙara ba sai wadda ake rububi a kanta da azumi, ya kamata mu fara da wasan kansa. Ƙwallon gora ne, amma a kan daskararren ruwa, a fili mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga. Suna sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi da su, suna bugun wani faifan roba mai tauri wanda gudunsa kan wuce kilomita 150 a awa. Doka ta yarda a bangaje abokin hamayya da kafaɗa har ya haɗu da katangar fili. Saboda tsananin gudun, ɗan wasa ba ya cika minti guda a fili a karo ɗaya, sai ya fita ya ja numfashi wani ya shiga, a haka ake ta musanya har a gama zango uku na minti ashirin-ashirin. A babbar gasar Amurka da Kanada, wadda ake kira NHL, a kakar da ta ƙare a 2024 kowace ƙungiya ta buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Mai neman kofi kuma sai ya ƙara cin wasa 16 a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Ƙungiyar Barkov ta kammala nata aikin ne ranar 24 ga Yuni, 2024, bayan ta doke Edmonton Oilers a wasa na bakwai. A tsakiyar Satumba kuma ake komawa sansanin horo.

Idan aka yi lissafi, abin da ake kira hutu bai cika wata uku ba, kuma sunansa ne kawai hutu. Makonnin farko na jinya ne, domin da wuya ɗan wasa ya gama kaka ba tare da targaɗe ko tsagewar ƙashi ko haƙorin da ya fita ba. Daga nan sai ɗaga ƙarfe don mayar da tsokar da ta zube, sai gudu a hawan tudu, sai keke, sai tsalle-tsallen ƙarfafa cinya da ƙugu. Sai wajen watan Agusta ake komawa kan ƙanƙara sosai a filaye masu rufi. Shi Barkov an san shi da son wasan tanis, wanda yake gyara ƙafa da ido. A tsakiyar kaka ba a samun sararin gina jiki, tattalinsa kawai ake yi kada ya rushe. Ginin da bazara ake yinsa, lokacin da babu 'yan kallo, babu tafi, babu mai ɗaukar hoto. Bahaushe ya riga ya gama maganar da ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne inda ake yin wannan fafar. A Florida akwai ɗakunan motsa jiki na alfarma, akwai likitoci, akwai rana da teku. Duk da haka da zarar an busa tashi, yawancin 'yan Finlan da ke wasa a can sai su kama hanyar gida, zuwa ƙasar dazuzzuka da tafkuna kusan 188,000, inda rana ba ta cika faɗuwa a watan Yuni, inda iyalai suke da 'yan gidajen katako na bakin ruwa wajen rabin miliyan. Ƙasa ce mai mutane miliyan biyar da rabi da ɗoriya, ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba, amma ta ci kofin duniya na wannan wasa a 1995 da 2011 da 2019 da 2022, ta kuma ci zinare a wasannin Olamfik na hunturu a Bejin a 2022. Idan aka nemi dalili, masu sharhi sukan yi saurin kawo kalmar sisu, wato juriya da taurin rai, daga nan sai a zarce a ce ai gado ne, jinin mutanen Fino-Ugrik ne, waɗanda sanyi ya ƙera tun zamanin kakanni.

Mu ba mu yarda da wannan bayani ba, kuma Barkov kansa ne hujjarmu. Iyayensa daga Rasha suka zo. Mahaifinsa ɗan wasa ne da ya bar Nobosibirsk ya zo ya buga wa Tappara, ƙungiyar Tampere, shekaru da dama, a nan aka haifi yaron a 1995. Ɗan baƙi ne, irin wanda a wurinmu za a ce ɗan zango. Ya tashi da Rashanci a gida, da Finlanci a makaranta da titi da ɗakin sauya kaya. Yana da shekara 16 ya fara buga wa manyan Tappara, a 2013 Florida ta zaɓe shi na biyu a duk matasan duniya na wannan shekara, a 2018 ta ba shi kyaftin. Idan juriyar da ake magana a jini take, to ta ina ta shige shi?

Kalmar Fino-Ugrik ma ba daga masu binciken jini ta fito ba, daga masu binciken harshe ta fito. A 1768 wani malamin taurari ɗan Hangari mai suna János Sajnovics ya yi tafiya zuwa can ƙuryar arewacin Norwe don kallon tauraruwar Zara tana gittawa ta gaban rana. A can ya saurari mutanen Sami, makiyayan barewar ƙanƙara, ya ji kalmomin da suka yi kama da na gidansu. A 1770 ya fitar da littafi yana kafa hujja cewa harshen Hangari da na Sami tushensu ɗaya. Kifi a Finlanci kala, a Hangaranci hal, a Samin arewa guolli. Hannu käsi, kéz, giehta. Jini veri, vér, varra. Manyan Hangari da yawa ba su ji daɗin labarin ba, sun fi so a danganta su da mayaƙan dawaki na gabas a kan a haɗa su zumunci da masunta masu ƙarnin kifi. Amma hujja ta tsaya. Yau an san dangin ya ƙunshi Hangaranci mai masu magana wajen miliyan 13, da Finlanci, da harshen Estoniya, da harsunan Sami, da Kareliya, da Mari, da Udmurt, da Komi, da Erziya da Moksha, da Hanti da Mansi na Saibiriya. Sun rabu dubban shekaru da suka wuce, ɗan Finlan da ɗan Hangari ba sa jin maganar juna ko kaɗan. Zumuncin nasu irin wanda ke tsakanin Hausa da Larabci ne, inda masana suke nuna mana dangantakar mutu da mata, ko suna da ismu, alhali Bahaushe sai ya je makaranta kafin ya ji Balarabe.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar jini take ba mu tsoro. A 1922 ƙasar Suwidin ta buɗe cibiyar gwamnati ta nazarin launin fata a Uppsala, ma'aikatanta suka riƙa bin ƙauyukan Sami da na masu jin Finlanci suna auna kawunan mutane, suna ɗaukar hotunansu tsirara, don a tabbatar da cewa su ƙasƙantattu ne. Ma'aunin da aka yi amfani da shi jiya aka ce mutum bai kai ba, shi ne ake ɗaukowa yau a ce an haife shi da baiwar wasa. Duk ɗan Afirka da ya taɓa jin ana yabon ƙafar ɗan ƙwallonmu ana mantawa da kansa ya san wannan yabo, ya san kuma abin da ke bayansa.

To idan ba jini ba, me ɗan wasan yake komawa gida nema? Mu koma ɗakin tururin nan. Ɗaki ne na katako, da murhu cike da duwatsu, a hura wuta har zafin ɗakin ya kai digiri 80 ko fiye. Mutane su zauna a kan benci, ɗaya ya ɗebi ruwa da ludayi ya watsa a kan duwatsun, tururi ya tashi ya lulluɓe kowa. Sukan ɗaure ɗanyen reshen wata bishiya da suke kira koivu su riƙa fyaɗa wa jikinsu, sannan su fita su faɗa tafki mai sanyi, su dawo. Wanda ya ga wankan jego, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, ba zai ce abin baƙo ne gaba ɗaya ba. A ƙauyukan Finlan na da, a wannan ɗaki mata suke haihuwa domin ya fi ko'ina tsafta da ɗumi, a nan kuma ake wanke gawa. Ana ƙiyasta ɗakunan da ke ƙasar sun kai miliyan uku. A Tampere akwai na jama'a mai suna Rajaportti wanda yake aiki tun 1906. Hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin gadon ɗan Adam a 2020, bayan ta sa irinta ta kudancin Estoniya, mai hayaƙi, a 2014. A ciki ba a hayaniya, ba a nuna muƙami, tauraron da ke karɓar miliyoyin daloli da direban bas gumi ɗaya suke yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan tururin da ke tashi daga duwatsu yana da sunansa na musamman, löyly, kuma ba a kiran tururin tukunya da shi. Masana harshe sun bi sawun kalmar suka tarar 'yar'uwarta a Hangaranci ita ce lélek, wato rai ko ruhi, a Udmurt kuma lul, da ma'ana irin wannan. Ke nan kalmar da kakanninsu suke kiran numfashi da rai da ita, ita ce ɗan wasa yake furtawa idan ya ce wa abokinsa ya ƙara ruwa a duwatsu. Bai buɗe ƙamus ba, bai halarci taron raya al'ada ba, wataƙila ma bai san tarihin kalmar ba. Yana amfani da ita ne domin yana bukatarta a wannan lokaci. Ba za mu ce tururi ne yake jefa faifai a raga ba, wannan aikin ƙarfe da gudu da koci ne. Abin da muke cewa shi ne, mutumin da ya yi wata tara yana rayuwa cikin harshen wasu, yana amsa tambayoyin 'yan jarida da Turanci, yana da wurin da zai je ya ajiye wannan kaya, ya yi shiru irin na mutanensa, ya yi raha da harshen da ya yi ƙuruciya da shi. Wannan ma wani ɓangare ne na gyaran jiki, ko da ba a rubuta shi a jadawalin atisaye ba.

Shi ma harshen Finlanci da irin wannan aiki na bayan fage ya tsira. Ƙasar ta yi ƙarnuka a ƙarƙashin Suwidin har 1809, sannan a ƙarƙashin sarkin Rasha har ta sami 'yanci a 1917. A tsawon wannan zamani Suwidanci ne harshen kotu da ofis da jami'a, Finlanci kuwa na manoma da barori. Mikael Agricola ya buga littafin koyon baƙaƙe a 1543. Elias Lönnrot, likitan karkara, ya yi ta tafiye-tafiye, sau da yawa a ƙafa, yana rubuta waƙoƙin baka daga bakin tsofaffi, ya harhaɗa su ya fitar da Kalevala a 1835, ya faɗaɗa shi a 1849. A 1863 aka yi dokar da ta buɗe wa harshen ƙofar ofisoshin gwamnati. Daga nan ne aka ƙera masa kalmomin lissafi da shari'a da likitanci, har da na wasa: hoki a wurinsu jääkiekko, wato faifan ƙanƙara, ba su ari sunan Turanci ba. Shi ya sa ɗan baƙi kamar Barkov bai bukaci a roƙe shi ya koyi harshen ba. Da shi koci yake ba da umarni, da shi ake cin jarrabawa, da shi ake tsokanar juna a benci.

Sauran dangin ba su yi wannan sa'a ba, kuma a nan ne labarin yake da ɗaci. Mafi yawan waƙoƙin da Lönnrot ya tattara daga bakin mawaƙan Kareliya ya same su, a ɓangaren da ke hannun Rasha. Yau harshen Kareliya yana cikin waɗanda ake fargabar ɓacewarsu, kuma a jamhuriyar da ke ɗauke da sunansa ma ba shi ne harshen hukuma ba. A 2018 Rasha ta yi dokar da ta mayar da koyon harsunan jamhuriyoyinta a makaranta abin ganin dama. A Satumban 2019 wani dattijon malami ɗan Udmurt, Albert Razin, mai shekara 79, ya cinna wa kansa wuta a gaban majalisar dokoki a Izhebsk saboda baƙin cikin halin da harshensu yake ciki. Shekara bakwai kafin nan, a 2012, wasu tsofaffin mata daga ƙauyen Buranobo sun zo na biyu a gasar waƙa ta Turai suna rera waƙa da Udmurt, sanye da kayan gargajiya, duniya ta yi ta tafi. Tafin bai buɗe aji ko ɗaya ba. A gaɓar tekun Latbiya kuma akwai harshen Liboniya, wanda mace ta ƙarshe da ta tashi da shi a matsayin harshen uwa, Grizelda Kristiņa, ta rasu a Kanada a 2013 tana da shekara 103. A 1992 aka fara taron ƙoli na al'ummomin Fino-Ugrik, ana raye-raye, ana jawabai, yawan masu magana da ƙananan harsunan kuwa yana ta raguwa.

Bai kamata mu karanta wannan kamar labarin wasu can nesa ba, domin Hausa tana tsaye a ɓangarorin biyu. A arewacin Nijeriya ita ce babbar yaya, kuma a yankunan Bauchi da Filato akwai ƙananan harsuna 'yan'uwanta na dangin Cadi da jikokin masu su ba sa jin komai sai Hausa. A zangunanmu kuwa, daga Kumasi zuwa Yawunde zuwa garuruwan Sudan, mu ne ƙanana, kuma akwai gidajen da yaro yake jin Hausar kakarsa amma ya mayar mata da amsa da Turanci ko Faransanci ko Larabci. Muna da bukukuwan Sallah da manyan riguna da hotuna masu kyau a Facebook. Waɗannan ranar wasa ce. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne wane aiki Hausa take yi a gidajenmu ranar Talata da hantsi, da ita ake koya wa yaro lissafin ciniki, da ita ake yi masa faɗa da lallashi, ko sai baƙo ya zo ake ɗauko ta.

Akwai wani tauraron wannan wasa da labarinsa ya fi kusa da namu fiye da na Barkov. Börje Salming an haife shi a 1951 a yankin Kiruna, can arewacin Suwidin, garin haƙar ƙarfe. Mahaifinsa Basami ne, ya rasu a hatsarin ma'adinai yaron yana ɗan shekara biyar. A 1973 ya tafi Toronto, a zamanin da 'yan Kanada suke yi wa 'yan wasan Suwidin kallon matsorata, suna dukansu da gangan don su gudu. Bai gudu ba. Ya yi kaka 16 a ƙungiyar Maple Leafs, ya buga wasa fiye da dubu a gasar, a 1986 kaifin takalmin wani ya tsaga masa fuska har aka yi masa ɗinki sama da 200, ya warke ya dawo fili. A 1996 ya zama ɗan Suwidin na farko da aka shigar zauren girmama gwarzayen wasan. Ya fito fili ya yi alfahari da asalinsa na Sami, a ƙasar da sai a 1993 ta kafa wa Sami majalisarsu, sai a 2000 ta amince da harshensu a matsayin harshen 'yan tsiraru na ƙasa.

Sunan gidansu na asali Sarri ne, sunan Sami. Kakansa ne ya sauya shi zuwa Salming, ya ɗauko daga sunan ƙauyensu Salmi, ya yi masa siffar sunayen Suwidawa, a zamanin da sunan Sami yake iya rufe wa mutum ƙofa. A Nuwamban 2022 Toronto ta gayyato shi ta karrama shi. Cutar da ke kashe jijiyoyin motsi ta riga ta ɗauke masa magana, tsofaffin abokan wasansa ne suka riƙe shi, ɗaya ya ɗaga masa hannu don ya gaida jama'a, filin ya miƙe tsaye ana kuka. Ranar 24 ga wannan wata ya rasu. Mutum-mutuminsa yana nan a ƙofar filin wasa na Toronto, an kuma jingine lambarsa ta 21, ba mai sake sa ta a ƙungiyar. Sunan da ke rubuce a duka biyun shi ne wanda kakansa ya zaɓa.